Na'urar juya kaset zuwa waya: wata biyu ina amfani da ita, ga abin da na gani

Damina ce ta jawo. Rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo, muka fito da kaya tsakar gida, sai ga wata tsohuwar adaka da rabona da buɗe ta tun tasowarmu daga Zariya. Kaset ne a ciki, sittin da ɗoriya, wasu nawa, wasu na marigayi yayana, Allah ya jiƙansa. Autata ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa, ta ce, "Abba, wannan ta ina ake yi masa caji?"

Rikodar gidan ta mutu shekaru da yawa, don haka na shiga kasuwa neman abin da zai kunna su. Wani yaro mai shagon kayan waya ya miƙo min wata 'yar na'ura ta roba, girmanta kamar Walkman ɗin da Sony ya fitar a 1979, amma ba ta kai rabin nauyinsa ba. Babu sunan kamfani a jikinta, kwalin ma rubutun Sinanci ya fi yawa. Ya ce, "Baba, ka sa kaset, ka soka filashi a nan, ka danna jan maɓallin nan, shi ke nan ta juye maka." Kuɗinta bai kai na cika tankin mota ba, na biya na taho.

Gaskiyar yaron, haka take aiki. Tana cin batir biyu ƙanana, ko a jona ta da cajar waya. Abin da ta ɗauka yana sauka a filashi a matsayin MP3, daga nan sai ka tura waya. Ba ta buƙatar kwamfuta, kuma wannan ya yi min, domin ni da kwamfuta sai gaisuwa. Abin da bai gaya min ba shi ne babu gaggawa a harkar. Kaset mai lamba C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma sai ka zauna ka ƙirga minti 90 ɗin nan cif kafin ta gama. Da batir na fara, ya yi sanyi a tsakiyar gefe na biyu, muryar mawaƙin ta koma kamar ta mai magagin barci. Tun daga ranar da caja nake amfani.

Na fara da waɗanda na fi ɗoki. Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a ƙarshen 1982, shi ne kaset na farko da na saya da kuɗin kaina, na ɗan dako da na yi a hutun makaranta. Sai Brothers in Arms na Dire Straits na 1985, da wani na ABBA da yayana ya murza har rubutun jikinsa ya goge. To, a nan na ji kunya. Sautin ya fito a dushe, da wani huci a ƙarƙashinsa kamar ana soya abu a ɗaki na kusa, kuma duk muryoyin sun yi siriri. Na ɗauka kunnena ne ya tsufa, sai da na kunna waƙa guda a waya daga intanet na haɗa su, na ga ta na'urar tana riga ƙarewa. Ashe gudu take yi fiye da ƙima. Zaren kaset santimita 4.76 ya kamata ya ci a daƙiƙa ɗaya. In ya ɗara haka ko kaɗan, Mark Knopfler, mawaƙin Dire Straits mai murya kamar an tashe shi daga barci, sai ya koma saurayi ɗan sha bakwai.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya cece ni. Ya kwance bayanta, ya zura siririyar sukundireba cikin wani ɗan rami a jikin motar, yana juyawa a hankali yana saurare, ni kuma ina riƙe da waya muna gwadawa. Ya ce, "Alhaji, robar da ke ja ma ba ta da ƙwari, kada ka riƙa tariyo kaset da ita, ka nemi biro." Na yi dariya, domin abin da muke yi ke nan a makarantar kwana don kada batir ya ƙare: ka zura biro a ramin kaset ka yi ta wulwulawa a sama. Shekara arba'in, an dawo gidan jiya.

Ko bayan gyaran, ra'ayina bai sauya ba game da waɗannan manyan faya-fayan. Duk wanda zai sayi na'urar nan don ya ji Thriller ko ABBA ko Boney M, ya adana kuɗinsa ya sayi data. Suna nan a intanet tas, an wanke su. Brothers in Arms ma tun asali da na'urar dijital aka ɗauke shi, shi ne kuma ya fara sayar da kwafi miliyan a faifan CD, saboda haka abin da muke ji a kaset ɗin kasuwa, wanda aka juya daga wani kaset da shi ma juyo shi aka yi, inuwarsa ce kawai. Sai yanzu da na ji mai kyau da abin sawa a kunne na gane akwai ƙananan kaɗe-kaɗe a bayan jitar da ban taɓa sanin suna nan ba. Jitar da ke tsakiyar waƙar Beat It ta cikin Thriller kuwa, wadda muka yi ta musu a kanta a ɗakin kwana, Eddie Van Halen ne ya kaɗa, ɗan rok na gaske da Quincy Jones, mai tsara faifan, ya gayyato. Wanda ya ci musun a lokacin ya ce Michael ne da kansa, kuma don ya fi mu ƙarfi muka yarda.

Inda na'urar ta biya kuɗinta shi ne kaset ɗin da babu hoton kowa a jiki, waɗanda muka saya babu komai muka cika da kanmu. Yayana yana da ɗabi'ar zama gaban rediyo daren Asabar, yatsa biyu a kan maɓalli, yana jiran mai gabatarwa ya yi shiru. Ba ya yin shiru. Don haka kusan kowace waƙa da muryarsa take farawa, yana gaida wasu masu saurare a Tudun Wada ko Sabon Gari, sannan kiɗan ya shigo. Akwai guda da ya rubuta wa "1985" da jan biro. Shekarar Live Aid ce, bikin da aka yi a Landan da Filadelfiya ranar 13 ga Yuli don tara wa masu yunwa a Habasha kuɗi, wanda Phil Collins ya yi wasa a Wembley sannan ya hau jirgin Concorde ya je ya sake yi a Amurka a rana guda. Kaset ɗin cike yake da mawaƙan wannan zamanin, Lionel Richie a nan, Tina Turner a can, kuma a tsakaninsu, ba tare da wani dalili ba, sai ga Bongos Ikwue, mutumin Binuwai da ya yi karatu a jami'ar Ahmadu Bello, sai ga Ofege, 'yan makarantar St Gregory's ta Legas da suka yi rok tun suna sanye da kayan makaranta a farkon shekarun 1970. Waɗannan ma ana samun wasunsu a intanet yanzu. Jerin ne ba a samu. Kunnena ya haddace shi ban sani ba: waƙa tana ƙarewa, bakina ya riga ya kama ta gaba.

A gefe na biyu, minti ashirin da wani abu, kiɗan ya yanke ɗif, an ɗauke wuta ke nan a wancan daren. Da wutar ta dawo, maɓallin da yayana ya danna ya kama ɗakin maimakon rediyon, sai ga muryarsa yana cewa wani ya rufe ƙofa sauro na shigowa, da tarin mahaifiyarmu daga nesa. Daƙiƙa shida ne ko bakwai. Na mayar da wurin ya fi sau goma, sannan na tura wa ƙannena a WhatsApp. Babu wanda ya yi maganar ingancin sauti.

Wasu abubuwan lura ga mai niyyar saya. Kaset da ya daɗe a ajiye yakan yi fumfuna, kuma ƙurar zaren tana manne wa kan da ke karanta shi, saboda haka bayan kowane biyu ko uku nakan goge shi da auduga da ɗan sifirit, in bari ya bushe. Ka duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar bakin kaset. In ya faɗi, sautin zai riƙa zuwa yana tafiya, kuma ɗigon gam ya isa ya mayar da shi. Akwai maɓallin da aka ce yana raba waƙoƙi da kansa in ya ji shiru. Kada ka taɓa shi. Ya datsa min wata waƙa mai sanyi gida huɗu, ya kuma haɗe uku masu zafi wuri guda. Gara ka ɗauki gefen gaba ɗaya. Abin sawa a kunnen da ya zo a kwalin kuwa na ba yara suna wasa da shi. Sau ɗaya ta cinye min zare, na Tracy Chapman na 1988, na zaro shi a hankali da tsinken ashana na liƙa da salatif, yanzu akwai ɗan tsalle a wurin.

Na juye ashirin da uku zuwa yanzu. Goma sha ɗaya na ware gefe don suna intanet, ba sai na wahalar da robar ba. Sauran suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, nesa da yoyo, ina ɗaukar ɗaya duk daren Asabar bayan sallar isha'i. Na wannan makon babu rubutu a jikinsa sam, sai wani ɗan zane na jita da yayana ya yi a kusurwa. Autar ta ce ita za ta wulwula biron.