Gargaɗi ga mutanen Tawa: mai "na'urar raba dekoda" ya ci mini jika 95

Jama'ar Tawa, na Bilbis da Sabon Gari da Wadata da duk inda saƙon nan ya kai, akwai wani saurayi da ke yawo bisa moto da baƙar jakar kayan aiki, yana ce wa mutane yana da na'urar da za ta sa dekoda ɗaya ta wadaci gida gaba ɗaya, kowane ɗaki ya kalli tashar da yake so, da abonma ɗaya tak. Ƙarya yake yi. Ya ci mini jika 95, ya tafi da tsohuwar dekodata, ya rufe nimeronsa. Jika 95! Kuma ba duka ne nawa ba. Jika 60 daga ciki ƙanena ne ya aiko daga Abijan, guminsa ne, ya ce a yi wa Inna abin da za ta riƙa kallon Makka a ɗakinta.

Duk mai gida da dekoda ɗaya ya san abin da ya kai ni. Tana falo. Samarin gidan ƙwallo suke so, maiɗakina fim take so, Inna kuwa ba ta son komai sai ta ga masu ɗawafi ta ji karatu. Inna ba ta jayayya da jikoki kan telekomandi, sai ta ja carbinta ta koma ɗaki. Wannan tashin nata ya daɗe yana cin raina. Ba kwaɗayi ya kai ni ba, ba son banza ba ne kamar yadda wasu suka fara faɗa a bakin masallaci. Mahaifiyata na so in faranta wa.

Kuma ba a kan titi na tsinto shi ba. Maƙwabcina ne, dattijon da na yarda da shi, ya ce yaron ya gyara masa parabol bayan iska ta karkatar da ita, kuma gaskiya ne ya gyara. Ni ma ranar farko da ya zo, tamu tana ta yankewa. Ya hau soro, ya kwance ƙusoshin, ya ce in tsaya gaban tele in riƙa faɗa masa, na ga layin siginal yana hawa har hoto ya tsaya cak. Ya sauko, na miƙa masa jika 2, ya mayar mini da hannu. Ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ba aiki ba ne, in na karɓa ban yi wa kaina adalci ba." Ya mayar mini da kuɗi! Ku gaya mini wane ne zai ga mutum ya ƙi jika 2 da ya yi wa aiki, sannan ya kawo a ransa ɓarawo ne? Ya bi mu sallar la'asar. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, "Inna, ki sa mini albarka, in sha Allahu Ka'aba za ta shigo ɗakinki." Inna ta ɗora masa hannu a ka. Wallahi duk lokacin da na rufe ido wannan hannun nake gani bisa kansa, shi kuma yana ta "amin, amin" kansa a ƙasa.

Na yi tambaya, kar wani ya ce ban yi ba. Na ce masa, "Malam, ta yaya akwati ɗaya zai buɗe tasha uku lokaci guda?" Ya ce sabuwar na'ura ce daga Dubai, ta Ƙonni ake shigo da ita, tana raba katin gida uku, sai dai dole a saya mata kod. Na ce ba zan biya ba sai na gani da idona. Ya yi murmushi ya ce haka ya fi son mutum. Abin da na ba shi tun farko jika 20 ne, na kabul da aikin hannu, kuma ya kawo kabul ɗin, ya huda bango, ya ja shi ɗakin Inna da ɗakin maiɗakina. Sauran jika 75, wato 45 na na'ura da 30 na kod, sai da na gani na biya. Na gani kuwa. Ya kama hannuna ya zaga da ni. Falo ƙwallo ake yi. Ɗakin maiɗakina fim na fassarar Hausa. Ɗakin Inna ga Ka'aba nan, mutane na ɗawafi, liman na karatu, Inna zaune bakin gado tana share ido da gefen mayafi. Tele uku, abu uku daban. Nan na ƙirga masa jika 75 a hannu, ya sake ƙirgawa a gabana. 20 da 45 da 30, jika 95.

Na manta ban faɗa ba, kafin ma ya haɗa, ya ce mu fita daga ɗakunan saboda ƙurar huda bango. Shi ya sa babu wanda ya ga hannunsa a bayan tele. Ya kuma tattara telekomandin ƙananan tele biyun ya sa a jaka, wai zai shigar musu da kod ya dawo da su. Tsohuwar dekodata ta tasoshin kyauta, wadda ke ajiye cikin kwali, ita ma ya ɗauka wai zai sabunta mini ita kyauta. Ya ce kar a kashe tele, kar a taɓa komai sai an yi awa 48, in ba haka ba kod ɗin zai ƙone, jika 30 ta tafi. Da ka ji an ce kuɗinka zai ƙone, ai kai ne za ka zama mai gadin tele. Ni da kaina na yi wa yara kashedi.

Inna ce ta fara ganewa, Allah ya ƙara mata lafiya. Washegari bayan azahar ta kira ni ta ce, "Zo ka gani, wai dare ne a Makka yanzu?" Na duba, fitilu a kunne, sama baƙi ƙirin. Ta ce ita ta je aikin hajji, ta san tazarar mu da Makka awa 2 ce kawai, in azahar ce a Tawa can rana ba ta faɗi ba. Ta ce kuma surar nan tun jiya ita ake ta maimaitawa, ga wani mai tura tsoho a keke, ta gan shi ya wuce ya sake wucewa. Na kira shi nan take, a lokacin wayar tana shiga, ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, kod ne bai gama zama ba." Saƙon muryar da ya biyo da shi yana nan a wayata, zan sa muku shi ku ji yadda yake rantsuwa.

Da dare kuran ya ɗauke. Da ya dawo, telen falo ta kawo ƙwallo, ta maiɗakina ƙwallo, ta Inna ƙwallo. Yaro ya canza tasha a falo, duka ukun suka canza tare. Na sa hannu bayan telen Inna, na ji wani abu manne da baƙin sikoc. Kile ce, ƴar ƙaramar USB, an tura mata bidiyon ɗawafi. Bayan ta maiɗakina ma haka, fina-finai ne a ciki irin waɗanda ake turawa a bakin kasuwa. Abin da na biya wa jika 95 ke nan. Bidiyon da aka tura a kile aka ce wa tsohuwa Makka ce kai tsaye, ta yi kuka, ta sa albarka.

Wani mai gyara na gaskiya da na kawo daga baya ya juya na'urar a hannunsa ya ce mai raba HDMI ce kawai, wato mai raba kabul ɗin da ke kai hoto daga dekoda zuwa tele, ana sayar da irinta a shagunan kayan lantarki da kuɗi kaɗan, babu wani kod a cikinta, babu wurin sa shi ma. Ya ce dekoda irin tamu tasha ɗaya take kamawa a lokaci guda, kamar rediyo, ko ka ja mata lasifika goma abu ɗaya za a ji. Mai raba HDMI hoton nan ɗaya yake kwafa ya aika kowace tele, haka ma in ta kabul ɗin eriya aka raba. In ana son kowane ɗaki da tasharsa, parabol ɗaya za ta iya isa in tauraron ɗaya ne, amma sai an sa mata kai, LNB, mai mafita 2 ko 4, kowane ɗaki da kabul ɗinsa da dekodarsa. Ya ce ko yanka kabul ɗin parabol a raba wa dekoda biyu ba ya tafiya daidai, don dekoda ce ke aika wa LNB ɗin wuta, bolt 13 ko 18 gwargwadon tashar da aka zaɓa, in ɗaya ta nemi wannan ɗaya ta nemi wancan sai wasu tasoshin su ɓace. Raba katin abonma kuma ba ya sa dekoda ɗaya ta kama tasha uku. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ce tashar Makka ta kyauta ce, ba ta son abonma ko kod, tsohuwar dekodar nan da ɓarawon ya ɗauke ita kaɗai ta isa, a ƙara mata parabol da ke fuskantar tauraron tasoshin Larabawa. Wato abin da Inna ke buƙata yana cikin kwali a gidana, ya sa a jaka ya tafi da shi, na bi shi da jika 95.

Tun daga safiyar nan nimeronsa a rufe. A'a, ya ɗauka sau guda da sassafe, ya ce yana hanyar Ƙonni ɗauko kaya, bayan nan ne ya rufe. Shagon da ya kwatanta mini kusa da tasha, na je, mai sayar da taya ne a wurin, bai taɓa jin labarinsa ba. Maƙwabcina kunya ta hana shi haɗa ido da ni, alhali ba laifinsa ba ne, shi ma gyaran gaskiya aka yi masa don a samu hanyar shiga gidaje irin nawa. Resi bai ba ni ba, ya ce sai ya dawo da telekomandi. Har yanzu tele biyun da maɓallin jiki muke kunna su.

Ƙanena ya kira daga Abijan yana tambayar Inna ko tana ganin Makka. Ina tsaye ta ce masa, "Alhamdulillahi, Allah ya yi maka albarka." Rufa mini asiri ta yi. Ni ban san da bakin da zan gaya masa jika 60 ɗinsa na hannun wani ba. Mutumin da ke tura kaya cikin ruwan Abijan ya tara ya aiko! Ban yafe ba, kuma albarkar da Inna ta sa masa Allah ya san da yaudara aka karɓe ta.

Na kai ƙara komisariya da kile biyun da na'urar. Hoton hirarmu ta WhatsApp da hoton na'urar da sikoc ɗin bayan tele duk zan ɗora su, ina jiran izinin masu binciken ne kawai.

Duk wanda ya ce muku dekoda ɗaya, tasha daban-daban, ku kore shi. Kar ku bar mai gyara shi kaɗai a ɗaki, kar ku ba shi telekomandi, ku canza tasha da hannunku a kowace tele kafin ku biya. Wanda ya yi wa irin wannan, ko wanda ya san inda yake kwana, ya neme ni ta saƙo mu haɗa ƙarar.