Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Legas kan masu sayar da fom na tallafin gwamnati

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanenmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago. Akwai wasu mutane da ke zagayawa kasuwanni da ƙofofin masallatai, wasu kuma ta WhatsApp, suna cewa an turo su rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin Gwamnatin Tarayya. Don Allah kada ku ba su ko sisi, kada kuma ku ba su lambobinku.

Zuwansu ba ya kama da na ɓarayi. Mutum ne tsaf, da kati rataye a wuya, da takardu masu tambarin Najeriya. Galibi suna tafe da wani ɗan Arewa mai jin Hausa, shi ne zai yi sallama, ya gaida dattawa, ya ce “Alhaji, guraben kaɗan ne, na ga gara mutanenmu su fara samu.” Wannan kalmar ta “mutanenmu” ita ke kwance wa mutum zuciya. Sai a ce fom naira dubu biyu ne ko uku, a rubuta suna da lambar waya da NIN da BVN, wani lokaci har a ɗauki hoton katin ATM gaba da baya, wai don a san inda za a zuba kuɗin.

Kuɗin fom ɗin ƙaramar asara ce. Babbar tana zuwa bayan kwana biyu, lokacin da wani zai kira da murya mai ladabi, ya ambaci cikakken sunanka da bankinka, ya ce sunanka ya fito, yanzu za ka ga saƙo mai lambobi ya shigo wayarka, ka karanto masa. Waɗannan lambobin su ne OTP, banki ke aiko su don tabbatar da cewa mai asusun ne da kansa yake cire kuɗi ko yake buɗe manhajar banki a sabuwar waya. Da zarar ka karanta masa, ka miƙa masa makullin asusunka. Na san wani mai sayar da tumatir da aka kwashe masa kuɗin da ya tara zai aika Kano na lodin kaya, kuɗin ma ba nasa ba ne shi kaɗai, har da na abokan cinikinsa. Har yanzu yana biyan bashin. Wani kuma ba a taɓa asusunsa ba, amma aka ci bashi da sunansa a manhajojin bada rance, sai kira ya fara samu ana zaginsa kan kuɗin da bai taɓa gani ba.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne an gina ta kan abin da ya taɓa faruwa da gaske. An yi N-Power, shirin ba matasa aikin wucin gadi, tun 2016. An yi TraderMoni a 2018, ma'aikata suka shiga kasuwanni ana ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000 ta hannun Bankin Masana'antu, wato BOI. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, an sanar da ba magidanta marasa ƙarfi naira 25,000 a wata har wata uku, aka kuma yi shirin ba masu ƙananan sana'o'i naira 50,000. Duk wanda ya ji maƙwabcinsa ya samu, shi bai samu ba, zai ga kamar wannan karon rabonsa ne ya zo. Ba na ganin laifin kowa a nan. Ɗan acaɓan da aka hana shi hawa manyan titunan Legas, ko mai shayin da kuɗin madara da gas suka fi ƙarfinsa, dole ya saurari duk wanda ya ce masa akwai taimako.

Amma gwamnati ba ta sayar da fom na tallafi, babu kuma wanda ke da gurbi a aljihunsa. Tallafin kuɗi na magidanta daga kundin rajistar marasa ƙarfi na ƙasa ake ɗauko sunaye, wanda ofishin NASSCO ke kula da shi tare da jihohi, kuma ta cikin unguwanni ake tantance mutane, da sanin shugabannin al'umma. Ba a shiga kundin ta hanyar linki da aka ce ka tura wa mutum goma kafin sunanka ya fito.

Wanda ke neman taimako da gaske, ya je inda abin yake. Jihar Legas tana da asusun LSETF, wanda aka kafa a 2016 don ba masu sana'a rance da horo, kuma na mazauna Legas ne, ba sai ɗan asalin jihar ba. Abin da za a nema a wurinka har da katin zama na LASRRA, shi ya sa yake da kyau kowannenmu ya yi shi. Masu ƙananan masana'antu akwai hukumar SMEDAN da BOI. Yaranmu da ke manyan makarantun gwamnati akwai rancen karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, ɗalibi ne ke nema da kansa a shafin hukumar. Yawancin shafukan ma'aikatun gwamnati suna ƙarewa da .gov.ng, sai dai ba duka ba, ɓarayin kuma sun iya ƙirƙirar suna mai kama da na gaske. Saboda haka kada ka shiga ta linkin da aka turo maka. In ba ka iya karatun boko ba, ɗauki yaronka ko wani amintacce ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko ta jiha da ke Alausa a Ikeja, ku tambaya baki da baki.

Ina roƙon sarakunan Hausawa, shugabannin kasuwa da limamanmu: duk wanda ya zo neman izinin rubuta sunaye, a tambaye shi takardar ofishin da ya turo shi, a tura mutum ya je ofishin ya tabbatar kafin a bar shi ya kafa tebur. A kuma faɗa wa mata a gida, domin su ma ana bin su ta waya da sunan tallafin zawarawa da marayu.

Wanda kuma ya riga ya bada lambobinsa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa yau, ya sa a toshe katin, a sauya lambar sirri, ya shigar da ƙorafi a rubuce ya karɓi shaidar an karɓa. Ya adana lambar da aka kira shi da ita, da rasit na POS ko saƙon banki mai nuna asusun da kuɗin ya tafi, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi. In an yi saurin kai ƙara, wani lokaci banki kan iya riƙe kuɗin kafin a cire su.