Kasuwar Skipton ba ta ci ran Talata, kamfanin yawo kuma bai ga damar faɗa ba

Duk mai shirin sayen tikitin yawon yini guda daga Leeds zuwa Skipton a Ingila, ya duba ranar da kyau kafin ya biya. Kasuwar garin Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar take ci. Mu ran Talata aka kwashe mu, alhali hotunan da kamfanin ya zuba a shafinsa duk na rumfuna ne maƙil da cuku da kayan marmari. Muka sauka a babban titi, wayam! Motoci ne kawai a fake kan daɓen duwatsun da ake kafa rumfunan. Kamar ka ɗauki baƙo ka kai shi Wudil kallon shanu ba ranar Juma'a ba.

Uwargida tun a mota take lissafin tsaraba, ku ƙiyasta irin kallon da na sha. Na tambayi ɗan jagoranmu, ya ce ai an rubuta a ƙasan shafi. Na buɗe waya a gabansa muka duba tare, babu. Ya yi 'yar dariya ya ce a yi haƙuri. Abin da ya ƙara ƙona min rai, a kan titin nan ya tsayar da mu cikin iska mai sanyi yana bayanin cewa tun 1204 Sarki John ya ba garin izinin cin kasuwa. To madalla, ina kasuwar?

Amma gaskiya tsohuwar fadar dutsen da ke saman titin ta wanke min zuciya. Robert de Romille ne ya fara gina ta wajen 1090, kuma ba kango ba ce irin waɗanda ake nuna wa mutane a wasu garuruwan Ingila: rufinta na nan, ka shiga madafi, ka hau bene, ka sauka har kurkuku. A lokacin yaƙin basasar ƙasar shekara uku aka yi ana yi mata ƙawanya, sai a 1645 mutanen sarki da ke cikinta suka miƙa wuya. Ana ma cewa buzun tumaki suka rataya a jikin bango don rage ƙarfin harsashin igwa. Inda na fi so shi ne tsakar gidan. Wata bishiya ce a tsakiya, gangar jikinta a murɗe, an zagaye gindinta da dakalin dutse. Lady Anne Clifford, mai fadar a lokacin, ce ta dasa ta a 1659 bayan ta gyara ɓarnar yaƙi, har yau kuma ganyenta shar. Na zauna a dakalin, har na fara cewa a raina kuɗina bai tafi a banza ba.

Ko zama ban gyara ba sai ga jagora yana tafa hannu, wai lokaci ya yi. Awa guda ba mu cika a ciki ba. Mashigin ruwan da ya haɗa Leeds da Liverpool, mai tsawon mil 127, wanda ya ratsa garin, daga kan gada muka hango kwale-kwalensa muka wuce.

Sai kuma abincin rana. Wajen biya na zaɓi halal da hannuna, amma da aka raba ƙunshin, gasasshen fulawa ne da naman alade a ciki, wai shi garin ke alfahari da shi. Soyayyen dankali muka saya da kuɗinmu, muka ci a tsaye.

Na so in ba su tauraro uku saboda fadar, sai na tuna ba su suka gina ta ba. Biyu. Jirgin ƙasa daga Leeds kamar minti 40 ne, daga tasha kuma da ƙafa za ka shiga gari. Ka je ran Asabar da kanka. Saƙon da na tura musu na neman a mayar min da kuɗin abinci, har yanzu ba amsa.