Zagayen Ƙafa da Jagora ko Shiga Fadar Buckingham: Wanne Ya Dace da Yini Guda a Landan?

Hajiya, kin ce za ku je Landan a watan Agusta, ke da mahaifinki da 'ya'yanki biyu, kuma yini ɗaya kacal kuka ware domin ganin wuraren sarauta, shi ne kike tambaya ko ku biya ɗan jagora ya zagaya da ku a ƙafa, ko kuwa ku yanki tikitin shiga Fadar Buckingham. Na yi duka biyun a tafiye-tafiye daban-daban, kuma abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne kowannensu abin da yake nuna wa mutum daban ne. Wanda ya bi jagora a ƙafa zai ga unguwar sarauta gaba ɗaya daga waje, ba tare da ya taka cikin fadar ba. Wanda ya yanki tikiti zai ga cikin gida guda, amma zai iya komawa masauki bai san yadda gidan yake haɗe da sauran gine-ginen da ke kewaye da shi ba. Kamar bambancin wanda aka zaga da shi daga Ƙofar Kudu zuwa masallacin Juma'a da Gidan Makama a Kano ne da wanda aka shigar da shi zaurukan Gidan Rumfa.

Na jaddada wannan ne saboda tallace-tallacen da ake yi a intanet suna yawan rikita baƙi. Karon farko da na je, na biya wani kamfani kuɗin zagayen da aka sanya sunan fadar da manyan baƙaƙe a kansa, sai da muka isa bakin shingen ƙarfe jagoran ya ce mana iyakar tafiyar ke nan. Da na koma na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, na tarar sun faɗa, ni ne ban lura ba. Don haka duk tallar da kika gani, ki nemi inda aka rubuta a fili cewa kuɗin ya haɗa da shiga ciki, idan babu, to zagayen waje ne.

Zagayen ƙafa yakan ɗauki awa biyu zuwa uku, tafiyar kuma takan kai kimanin kilomita uku. Galibi ana farawa ne daga wajen Majalisar Dokoki da cocin Westminster Abbey, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun shekarar 1066, kuma a nan aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta II a ranar 2 ga Yuni 1953 da Sarki Charles na III a ranar 6 ga Mayu 2023. Daga nan a bi titin Whitehall, a tsaya gaban ginin Banqueting House, wanda a ƙofarsa aka sare kan Sarki Charles na I a watan Janairun 1649 bayan ya sha kaye a yaƙinsa da Majalisa. Wannan wuri ne da dubban mutane suke wucewa kullum ba tare da sun ɗaga kai ba, domin ginin bai fi maƙwabtansa ɗaukar ido ba, kuma a irin wannan ne amfanin jagora yake fitowa: shi ne zai tsayar da ku ya ce a nan Turawan Ingila suka kashe sarkinsu, suka zauna shekara 11 babu sarki, sannan suka dawo da ɗansa kan karaga a 1660. Wanda ya ji wannan labari a wurin da abin ya faru zai fahimci dalilin da ya sa sarkin Birtaniya na yau yake sarauta amma mulki yana hannun Majalisa.

Daga can ake ratsawa ta filin Horse Guards, inda sojoji biyu suke gadi a kan dawaki, a shiga lambun St James's, a fita ta gaban Fadar St James's wadda Sarki Henry na VIII ya gina a shekarun 1530. Jajayen tubalanta sun tsufa, ba ta da kwarjinin Buckingham, amma ta girme ta a matsayi: har yau da sunanta ake karɓar jakadun ƙasashen waje, har da na Najeriya da Ghana, kuma a cikinta aka yi shelar sarautar Charles na III a ranar 10 ga Satumba 2022. Kusa da ita akwai Clarence House, gidan da Sarkin yake zaune idan yana Landan, domin tun 2017 ake yi wa Buckingham gagarumin gyara na shekara goma, ana sauya tsofaffin wayoyin lantarki da bututun ruwa. Sai a hau jan titin nan mai suna The Mall, wanda tsawonsa ya kusa kilomita guda, har zuwa gaban Fadar Buckingham.

Abin da yawancin mutane suke biyan jagora dominsa shi ne canjin masu gadi, wato bikin da sabuwar rundunar sojoji take karɓar gadin fadar daga tsohuwa, kuma a nan ina so ki lura da kyau. Bikin kansa kyauta ne, ba a yanka masa tikiti. Ana yin sa da misalin ƙarfe 11 na safe, yakan ɗauki kusan minti 45, ba kowace rana ake yi ba, kuma ana iya soke shi idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Matsalarsa ita ce cunkoso. A watan Agusta, wanda yake son tsayawa jikin shingen fadar sai ya kama wuri fiye da awa guda kafin a fara, a tsaye, kuma ko ya samu wurin, abin da zai gani ta tsakanin sandunan ƙarfe kaɗan ne. Gogaggen jagora ba ya kai mutanensa can. Ya san cewa wata runduna tana tasowa daga Fadar St James's, sabuwar kuma daga barikin Wellington, don haka sai ya tsayar da ku inda za su wuce dab da ku da 'yan badujalarsu, sannan ya yanke da ku ta cikin lambu ku tari na gaba. Shi ne kuma zai koya wa yara yadda ake rarrabe rundunoni biyar na masu jar riga da doguwar hular gashin nan ta hanyar jerin maɓallansu: na Grenadier ɗai-ɗai suke, na Coldstream bibbiyu, na Scots uku-uku, na Irish huɗu-huɗu, na Welsh biyar-biyar. Na ga yara sun shagala da ƙirga maɓallai har sun manta da gajiya. Zai kuma nuna muku tutar da ke saman fadar: idan tutar Sarki ce mai launin ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, mai gidan yana ciki, idan kuwa tutar ƙasa ce, ba ya nan.

Jagororin ma ba ɗaya suke ba. Akwai masu shuɗiyar lamba a ƙirji, waɗanda suka yi horo na kusan shekara biyu suka ci jarrabawa, kuma su ne ake bari su yi wa ayarinsu bayani a cikin Westminster Abbey. Akwai kuma masu cewa zagayensu kyauta ne, alhali a ƙarshe ana sa ran kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. A cikinsu akwai ƙwararru, sai dai ayarinsu yakan yi yawa, wanda yake baya ba ya jin abin da ake faɗa.

Shiga fadar kuwa wani yanayi ne dabam. Da ba a shiga sam. An fara buɗe ta ga jama'a ne a 1993 domin tara kuɗin gyaran Fadar Windsor da gobara ta ci a watan Nuwamban 1992, kuma tun daga nan ake buɗe ta kusan kowace shekara daga wajen watan Yuli zuwa Satumba. Daga cikin ɗakunanta 775, ana zagaya 19 ne, wato zaurukan karɓar baƙi da bukukuwan ƙasa. Za a hau babbar matakala mai adon tagulla, a shiga ɗakin karaga, a ratsa dogon zauren da aka jera zane-zanen Rembrandt da Rubens da Vermeer, a ga babban zauren da ake shirya liyafar shugabannin ƙasashe. Ginin ya fara ne a matsayin gidan wani basarake a 1703, Sarki George na III ya saye shi a 1761, magini John Nash ya faɗaɗa shi a shekarun 1820, kuma Sarauniya Victoria ce ta fara mayar da shi mazaunin sarauta a 1837. Ga mutum irin Baba, wanda wataƙila ya taso yana jin labarin zuwan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko Ingila a 1921, ko tafiyar da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka yi a 1934 suka gana da Sarki George na V, ganin cikin gidan sarautar da idonsa yana da nauyin da tsayuwa a bakin titi ba za ta ba shi ba.

Amma ki san abin da za ki tarar. A ciki babu ɗan jagora mai magana da baki. Na'urar sauraro ake ba kowa ya maƙala a kunne, kuɗinta yana cikin tikiti, kowa ya bi hanya guda da saurin da ya ga dama. Bayanin da ke cikinta ingantacce ne, sai dai ba a yi mata tambaya, kuma idan Baba ya fi sakewa da Hausa, ke ce za ki riƙa saurare kina mayar masa. Ba a ɗaukar hoto a zaurukan. Ana binciken jaka kamar a filin jirgin sama, ba a shiga da keken tura jarirai, kuma makewayi sai a ƙarshen zagaye, bayan an fito lambu, abin da ya kamata mai tafiya da dattijo da yara ya shirya masa tun kafin a shiga layi. Tikitin yana ɗauke da lokacin shiga, na babba ya ɗan haura fam 30 a 'yan shekarun nan, yaran da ba su kai shekara biyar ba kuma ba a biya musu. Duka-duka ziyarar takan ci awa biyu zuwa biyu da rabi.

Idan aka zo batun ƙafa, mutane sukan ɗauka cewa shiga fada hutu ne. Ba haka ba ne gaba ɗaya, domin akwai matakala, kuma hanyar fita ta gefen lambun tana da ɗan tsawo. Bambancin shi ne a fada ana iya rage wahalar: idan aka sanar da su tun lokacin sayen tikiti, suna da hanyar da ba ta da matakala, suna kuma ba da aron keken zama. A zagayen ƙafa kuwa ayari ba ya jiran kowa, musamman lokacin da jagora yake sauri ya riga sojoji isa kwana ta gaba, kuma tsayuwar da ake yi a rana ko a yayyafi ta fi tafiyar kanta gajiyar da dattijo. Ta fuskar yara lamarin ya juya: dawaki da ganguna da tsuntsayen kwasakwasa na tafkin St James's, waɗanda asalinsu kyautar jakadan Rasha ce a 1664, sun fi jan hankalin ɗan shekara bakwai a kan zanen da aka hana shi matsawa kusa da shi.

Shawarata a gare ku ita ce ku yanki tikitin fadar, kuma dalilina lokaci ne. Titunan nan suna nan duk shekara, ba a biyan ko sisi a bi su, amma zaurukan 'yan makonni kawai suke buɗe wa kowa, kuma tafiyarku ta faɗo a cikinsu. Ki sayi tikitin kai tsaye daga Royal Collection Trust, hukumar da take kula da ziyarar, tun da sauran makonni, ki zaɓi lokacin bayan azahar, wadda a Landan a watan Agusta takan shiga jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya. Da safe kuma ku yi ɗan gajeren zagaye da kanku: ku je filin Horse Guards kafin ƙarfe 11, inda ake canjin masu gadi na kan dawaki a fili ba tare da shinge ba, kuma taron bai kai na gaban fada ba, sannan ku ratsa lambun a hankali, Baba ya zauna a benci duk lokacin da ya so. Ki ja wa yara kunne kada su taɓa linzami ko su matsa jikin dawakin, domin akwai allon gargaɗi a wurin cewa suna harbi kuma suna cizo. Idan kuma kina da halin ɗaukar jagora mai shuɗiyar lamba na iyalinku kaɗai na awa biyu, wanda zai tafi da saurin Baba, to kun haɗa riba biyu, sai dai kuɗinsa ya ninka na shiga ayari sau da yawa.

Idan tafiyar ta ɗaga zuwa Oktoba ko bayan haka, lissafin ya sauya, domin an rufe ziyarar bazara ta Buckingham. A lokacin sai ku duba Fadar Windsor, mai nisan kimanin kilomita 35 yamma da Landan, wadda ake zuwa ta jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ko Paddington, kuma a cocin da ke cikinta aka binne Sarauniya Elizabeth ta II. Ba a buɗe ta ranakun Talata da Laraba. Ko kuma Hasumiyar Landan, inda ake ajiye kambunan sarauta, kuma ita ce ta fi kusa da haɗa abubuwa biyun da kika tambaya a tikiti ɗaya, domin dogaranta, waɗanda kowannensu sai da ya yi aƙalla shekara 22 a aikin soja kafin a ɗauke shi, su ne suke zagayawa da baƙi a ƙafa suna ba da tarihi da baki ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai dai farfajiyarta daɓen duwatsu ce marasa laushi, hasumiyoyin kuma matakalarsu ƙunci gare ta, don haka a can ma Baba zai fi jin daɗi idan kuka tsaya ga farfajiya da ɗakin kambuna.