Kwalta a gari ko jar ƙasa zuwa ƙauye?

Kuɗin komin, wato ƙaramar hukuma, a jihar Maraɗi ba su da yawa: harajin kai, na kasuwa, na tasha, sai ɗan tallafin da ANFICT, hukumar tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, ke turowa daga Yamai. Da wannan ake son a zaɓa, ko a shimfiɗa kwalta a tsakiyar gari, ko a zuba jar ƙasa a hanyoyin ƙauye.

Kwalta tana da kyau, tana jimawa, ƙura ta kwanta. Sai dai kuɗin kilomita ɗaya nata zai yi kilomita da dama na jar ƙasa.

Ni dai ina bayan jar ƙasa. Je ka yankin Madarumfa a watan Agusta, gulbi ya kawo, ka ga amalanke ɗauke da mai naƙuda, sa yana nutsewa cikin laka har gwiwa. Bayan girbi kuma buhun aya da na wake sai su faɗi warwas, don ɗan kasuwa ya san mota ba ta shiga.

Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne: damina biyu ba gyara, ta koma kwazazzabo. Komin da ta zaɓe ta dole ta ware kuɗin gyara da na kwalbati kowace shekara.