Na bar baturana wata biyar a kan ƙaramin fanel na sola, ga yadda na same su

Baturan nawa guda biyu ne, 12V 100Ah kowanne, irin rufaffun nan AGM da ba a zuba musu ruwa. A gidan gona suke can wajen Haɗeja, lokacin noman rani kawai nake amfani da su, da damina ta faɗi sai in dawo Kano. Shekarar farko haka na kulle ɗakin na tafi, ban ma cire wayar inbata ba, da na dawo mita ta nuna 11.4V a guda ɗaya, aka yi caji aka yi caji amma ko awa biyu ba ya riƙe fanka, dole na sake sayen wani. Injiniyan da ya duba ya ce batir in ya daɗe cajinsa na ƙasa wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan dalmar ciki, in ya yi tauri shi kenan.

Shi ne bana na sayi fanel mai wat 30 da ƙaramar kwantirola PWM ta 10A, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga fanel. Na cika baturan taf tukuna, don wannan fanel ɗin ko amfiya 2 ba ya kaiwa, ba zai tada mataccen batir ba, aikinsa kawai ya mayar da abin da ke zurarewa. Batir irin wannan ko ba a taɓa shi ba yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 a wata in ɗaki na da sanyi, to ina ga ɗakin kwano da zafin Mayu. Na cire inbata gaba ɗaya, na sa fis kusa da kan batir, na ɗora su kan katako a ɗakin ƙasa mai iska saboda ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Na dawo ƙarshen Oktoba, na cire fanel da magariba, da asuba na auna: 12.8V da 12.7V, wato a cike suke. Wallahi sai da na sake aunawa.

Amma kwantirolar tana da halinta. Ta zo a saitin batir mai ruwa, kuma wannan saitin yana ɗaga wuta lokaci lokaci har wajen 15V, shi kuwa rufaffen batir in ya tafasa iskar ta fita ta bawul ba ka da hanyar ƙara masa ruwa, bushewa zai yi ko ya kumbura. Sai da na zauna da takardar nan mai ƙananan rubutu na mayar da ita 14.4 na caji, 13.6 na riƙewa. Sannan allonta ƙarya yake, yana ƙara 0.3 a kan abin da mitata ke nunawa. Wayar da suka haɗo da ita ma siririya ce, canzawa na yi.

Wani maƙwabcina ya ce kwantirola ɓarnar kuɗi ce, a jona fanel kai tsaye. Na auna masa bakin fanel da rana tsaka ya ga 21V, abin da ya fi ƙarfin batir mai 12V, bai ƙara magana ba.

Sai ramin USB ɗin nan na jikin kwantirolar. Ƙanina da na bar wa makulli don ya riƙa goge fanel ashe shi da abokansa sun mayar da wajen shagon caji. Baɗi in Allah ya kai mu salatif zan manna a bakin ramin.