Embargo ko Decomiso: Wanne Ya Dace da Takardarka?

Masu fassarar takardun kotu zuwa Sifaniyanci sun sha tambayata: in an karɓe dukiyar mutum, embargo za a rubuta ko decomiso?

Embargo maganar bashi ce. Alƙali ko hukumar haraji ta ɗora hannu a kan gida, mota ko asusun banki har a biya mai bin bashi. Dukiyar tana nan da sunan mai ita. In ya biya, a sake ta, in ya ƙi, a yi gwanjonta. A Sifaniya, sashe na 607 na dokar shari'ar farar hula ta 2000 ya hana taɓa albashin da bai haura mafi ƙarancin albashi ba. Da Turanci attachment ake cewa, in albashi ne kuwa garnishment. Hattara, embargo ta Turanci takunkumin kasuwanci ce, irin wanda Amurka ta ƙaƙaba wa Kuba a 1962.

Decomiso kuwa na masu laifi ne. Kuɗin ƙwaya, jirgin ruwan da aka yi fasa-ƙwauri da shi, duk su koma hannun hukuma, ba dawowa. Sashe na 127 na dokar hukunta laifuffuka ta Sifaniya ya tanade shi. Turancinsa forfeiture ko confiscation.

Ni a ganina kuskuren rubuta decomiso a madadin embargo ya fi tsada, don sai ka mayar da wanda ake bi bashi mai laifi.

Takardar bashi, haya ko haraji, embargo ce tata. Wadda ta fito daga kotun laifi bayan hukunci, decomiso. In 'yan sanda ne suka kama kaya ana kan bincike, incautación ta fi dacewa.